Mai Sanyin Rai da Aikin Neman Ciniki: Banki, Motar Dila ko Inshora?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala bautar ƙasa wata bakwai da suka wuce, bayan na karanta harkar kasuwanci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma tun daga lokacin nake yawo da takardu ba a dace ba. A makon nan sai ga hanyoyi uku sun buɗe kusan a tare, dukkansu kuwa aikin neman ciniki ne. Wani banki yana neman waɗanda za su riƙa nemo masa masu ajiya a kan kwantiragi, wani babban dilan kayan masarufi yana son wanda zai riƙa bin mota yana raba kaya ga masu shaguna daga Katsina zuwa Mashi da Daura, sannan wani kamfanin inshora ya ce in zo in zama wakilinsa, babu albashi sai kamasho. Duk wanda na nemi shawararsa a gida amsarsa ɗaya ce, wai ni mutum ne mai sanyin rai wanda hayaniya ba ta ɗaga wa hankali, saboda haka kowanne na ɗauka zan iya. Ni dai amsar ba ta gamsar da ni ba, domin ban san irin matsin da ke cikin kowannensu ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa waɗannan ayyuka da hannunsu su faɗa mini gaskiyar abin da ke ciki.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi shekara 11 a aikin banki, 8 daga ciki a ɓangaren nemo ajiya, saboda haka bari in tsaya a kan wanda na sani. Abin da za a fara ɗora maka shi ne taget, wato adadin kuɗin da dole ka jawo cikin banki da yawan sababbin asusun da za ka buɗe a wata guda ko wata uku. Girman adadin abin tsoro ne, amma yadda ake lissafa shi ya fi ciwo. A ce ka yi mako huɗu kana zarya gidan wani Alhaji har ya yarda ya ajiye naira miliyan 20, sai ranar 28 ga wata ya cire kuɗinsa domin ya sayi masara a Dandume ko ya biya kaya a Kantin Kwari, to a takardar manaja kamar ba ka yi komai ba ne, domin abin da ya kwana a asusu ranar ƙarshen wata shi ake dubawa. Ɗan kasuwa kuwa ba ya barin kuɗi su kwanta, kuma ba ka da bakin ganin laifinsa.

Matsin yakan ƙaru duk lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga jarin da ake buƙata. A 2004, zamanin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Bankin, aka ce kowane banki ya tara naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25, kuma waɗanda suka riga mu shiga aikin sun sha ba mu labarin yadda aka riƙa tura su tallan hannun jari har gidajen surukansu. A watan Maris na 2024 an sake ɗagawa, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga masu aiki a duk faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na yanki. Abin da aka yanke a Abuja da Legas a kan wuyan ƙaramin ma'aikacin reshen Katsina yake sauka.

Ga kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga. Wata ukun farko za ka cika taget ɗinka da mutanen gidanku, da kawunninka, da abokan mahaifinka waɗanda suka ji nauyinsa, har manaja ya yaba maka a taron safiyar Litinin. A wata na huɗu sun ƙare, adadin kuma an ƙara shi saboda an ga ka iya. Daga nan ne ake gane wanda zai iya shiga shagon mutumin da bai taɓa gani ba, a bar shi tsaye rabin awa ba a ce masa ga wuri ba, ya kuma dawo jibi ba tare da fuskarsa ta canza ba. Ka lura kuma da kalmar kwantiragi, domin a takarda sau da yawa kai ma'aikacin wani kamfani ne da ya ba banki aronka, albashinka bai kai na wanda ke teburin kusa da kai ba, sallamarka kuwa ba ta buƙatar dogon zama.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, ni ban taɓa aikin ofis ba, amma shekara 19 ke nan ina sayar da atamfa da leshi da shadda a babbar kasuwar Katsina, kuma irinmu ne waɗannan yara suke zuwa nema, don haka ina ganin aikin daga ɗaya gefen. Malam Tsohon Ma'aikaci ya faɗi gaskiya, sai dai ya zana abin da baƙi ya yi yawa. Yaran banki da suka shigo shagona sun fi a ƙirga, yawancinsu da surutu suke zuwa da alkawuran da ba a tambaye su ba, kuma ko sunayensu ban riƙe ba. Wanda ya samu asusuna shi ne wani yaro mai shiru-shiru da ya zo lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira, mutane suna kwana a layin cire kuɗi, mu kuma muna rigima da kwastomomi a kan tiransifa da ta fita ba ta shigo ba. Bai ce in buɗe komai ba. Ya zauna ya rubuta kuɗaɗena da suka maƙale ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini takardar da zan cike, ya dawo bayan kwana uku ya tambaya ko sun shigo, alhali ba ma a bankinsu suke ba. Bayan azumi da kaina na neme shi, na kuma kai shi wurin mata huɗu da muke sari tare. In sanyin ranka irin wannan ne, kada ka raina shi.

Mai Raba Kaya:
Ni kuma aikin bin mota nake yi, shekara ta shida ke nan, kuma hanyar da aka ambata maka ita ce nake bi. Ana loda kaya bayan asuba, a rubuta su da sunanka, katan nawa na taliya, nawa na sabulu, buhu nawa na sukari, kuma daga lokacin da ka sa hannu har ka dawo da yamma duk abin da ya ɓace ko ya fashe ko ruwa ya taɓa naka ne. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban al'amarin shi ne bashi. Mai shago a Mashi zai ce ka sauke masa katan 30 ya biya rabi, saura sai kasuwa ta ci, kuma idan ka ƙi, motar wani dila tana bayanka za ta sauke masa. Maigidanka kuwa yana son ka sayar da yawa, yana kuma son kuɗinsa a hannu, biyun kuma ba sa haɗuwa kullum. Kana tsakiya kamar tsinken tsire, wuta ta ko'ina.

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, akwai lokacin da farashi yake canzawa muna kan hanya, a kira ni daga sito a ce in ƙara, alhali na riga na faɗa wa mutum kuɗi a waya da safe. Da farashi ya fara sauka kuma sai abin ya juya, wanda ya sara da tsada a makon jiya ya ɗauka ni na cuce shi. A 2021 kuma, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, abokan aikinmu da ke bin ɓangaren Jibiya da Batsari da Safana dole suka koma ɗaukar tsabar kuɗi a mota, a hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Duk da haka ban yi nadamar aikin ba, domin yau na san kowane mai shago daga nan har Daura, na san wanda ke biya da wanda sai an yi ta bi, na san abin da ke tafiya da azumi da abin da ke tsayawa da damina, kuma mutum biyu da muka fara tare yanzu suna da nasu ƙananan sito.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Hajiya, na gode yayyena. Yaya Mai Raba Kaya, idan mai shago ya karɓi kaya ya ƙi biya, ko ya rufe shago ya bar gari, wane ne yake ɗaukar asarar, kai ko maigida?

Mai Raba Kaya:
Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi wa dilan kafin ka tambaye shi albashi. A wurare da yawa, bashin da ka bayar ba da izinin maigida ba a kanka yake, ana cire shi daga albashinka da kamashonka har ya ƙare. Ka yi lissafi da kanka. A ce kamashonka kashi 1 cikin 100 ne, ka sayar da kayan naira miliyan 10 a wata, ka samu dubu 100. Mutum ɗaya ya gudu da dubu 300, to wahalar wata uku ta tafi ke nan. Ni abin ya taɓa samuna a shekarata ta farko, kuma wanda ya yi mini ba baƙo ba ne, dattijo ne sa'an mahaifina wanda na ji kunyar ce masa a'a a gaban yaransa. Wata biyar ina biya. Tun daga nan na koyi cewa: "Baba, ba ni da iko, bari in kira maigida a gabanka." Sau da yawa da na ɗauko waya sai ka ji an ce a bar shi kawai, a sauke na kuɗin da ke hannu.

Dillalin Kara, Mai'aduwa:
Jikana ne yake karanta mini wannan muhawara, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa, saboda haka a yi mini afuwa idan na tsawaita. Ɗana, abin da kuke kira sabon aiki da sunayen Turawa, mu dillanci muka san shi, kuma Katsina ta san shi tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka daga Agadas, fatake kuma suna tafiya Gwanja sayen goro. Na haura shekara 40 a kara. Matsinmu ba na wata ba ne, na ɗan lokaci ne ƙanƙane. Mai sa yana tsaye ya kafe, mai saye ya taya, an ce albarka, ya juya zai tafi, wasu dillalai uku suna jiran ya matsa su janye shi, kai kuma dole ka san daga kallon fuska wane ne zai sauko da wane ne zai hau, ka riƙe wannan da magana, ka ja wancan gefe, har a kai ga sallamawa. Idan ka nuna zumuɗin la'ada, duka biyun za su gane, cinikin ya watse.

Sannan dillali shi ne shaida. In dabba ta fito ta sata, ba a neman baƙon da ya kawo ta, wanda ya tsaya a cinikin ake kamawa, shi ya sa komai kyawun la'ada ba na tsayawa a kan dabbar da ban san mai ita ko wanda ya san shi ba. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun kuma ga na bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 wanda ya kai har Maris na 2024, ga bakin iyakar Kongolam nan kusa da mu amma dabba ba ta shigowa yadda aka saba, ga sefa tana ta hawa. A irin wannan lokaci ne yaran da ake yabo da zafin nama suka fara karɓar kowace irin dabba, wasunsu har yau ba su dawo kara ba. Ni abin da zan tambaye ka shi ne, za ka iya wuni tun hantsi har la'asar ba ka samu ko sisi ba, sai ga ciniki mai shakku ya zo da yamma, ka bar shi ya wuce ka koma gida hannu rabbana?

'Yar Inshora:
Baba ya yi tambaya mai nauyi, kuma ta shafi namu aikin fiye da yadda ake zato. Ƙanena, a inshora babu manajan da zai yi maka tsawa kowace safiya, amma za ka ji kalmar a'a har ta zama abincinka. Wani zai ce haramun ne, wani ya ce kana yi masa fatan gobara, wani ya karɓi takarda cikin fara'a ya ce zai duba, ka dawo ka tarar an ƙunshe ƙosai da ita. Abin da ya ɗan sauƙaƙa mana a nan Arewa shi ne takaful, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A tsarinsa mahalarta suna zuba kuɗi ne a asusun taimakon juna, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa daga ciki, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba musu. Bayyana wannan ga mutum ɗaya yakan ci zama uku, wani lokaci sai ya je ya tambayi malaminsa ya dawo.

Abin da ya fi saurin tafiya shi ne inshorar mota ta dole, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, abin da take biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sai dai a nan abokin gasarka shi ne mai buga takardar bogi a farashi mai rahusa, direba kuwa sau da yawa takardar da zai nuna a shingen hanya kawai yake nema. Akwai kuma 'yan'uwanmu masu tallan kamfanonin fansho, waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun Nuwambar 2020 da hukumar kula da fansho, PenCom, ta ba ma'aikaci damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, su galibi suna da albashi, amma taget ɗinsu bai bambanta da na banki ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, aikin da babu albashi sai kamasho bai dace da wanda ake jira ya kawo cefane ba. Ni na iya shi ne saboda ina koyarwa da safe a shekara biyun farko. Wanda ya shiga da yunwa, ko yana da haƙurin dutse, ranar da kuɗin haya ya zo zai fara faɗa wa mutane abin da babu shi a cikin takarda, ranar biyan diyya kuwa shi za su nema a gida, ba kamfani ba.

Malamin Islamiyya, Daura:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara abu kaɗan ta fuskar shari'a, domin na lura duk waɗanda suka yi magana, ba tare da sun haɗa baki ba, wuri ɗaya suke nunawa. Asalin dillanci da karɓar la'ada halal ne. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa babu laifi mutum ya ce wa wani ya sayar masa da tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza nasa ne, kuma manyan tabi'ai irin su Ibn Sirin da Hasanul Basri ba su ga laifin ladan dillali ba. Abin da aka hana shi ne abin da matsi yake tura mai sayarwa zuwa gare shi. An hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ɗaga wa wani farashi. An hana ɓoye aibi, kuma kowa ya san hadisin tarin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa. An kuma yi gargaɗi a kan yawan rantsuwa, cewa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka.

Game da aikin banki mai mu'amala da kuɗin ruwa, malamai sun yi magana mai yawa, kuma ya kamata ɗanmu ya zauna da malamin da ya amince da shi kafin ya sa hannu. Ya kuma sani cewa yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma su ma suna ɗaukar masu nemo ajiya.

Mai Tallan Magani:
Malam ya gama magana. Ni zan taɓo wani aiki ne da ba ya cikin ukun, saboda masu karatu da ke da irin wannan tambaya. Wakilcin kamfanin magunguna ya dace da mai jure jira, domin za ka iya zama awa uku a bakin ofishin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya don ganawar minti biyar, sannan ka bi masu kemis da bashi, kana kuma lura da ranar lalacewar abin da ka sauke musu. Galibi ana neman wanda ya karanta haɗa magunguna ko wani fannin kimiyya, don haka ƙaninmu ba zai shiga ba. Aikin ma ya girgiza tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya. Wanda nake ganin yana buɗewa yanzu shi ne tallan kayan sola, saboda tsadar mai ta sa masu shaguna da manoman rani suna barin janareta, sai dai shi ma duk batirin da ya mutu da tsakar dare wayarka za a kira.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Hajiya, na karɓi gyaranki, kuma yaron da kika ba da labarinsa na san irinsa, su ne suke daɗewa. Amma ki ba ni dama in ce wani abu da ke ba za ki gani daga shago ba. Kwana ukun da ya yi yana bin kuɗinki da suka maƙale, a ofis an rubuta su ne a matsayin kwana ukun da bai kawo komai ba, kuma na tabbata ya sha magana a kansu. Ya ci riba bayan azumi, amma da kwantiraginsa ya ƙare kafin azumi fa?

Ƙanena, akwai bambanci tsakanin mai sanyin rai da mai haɗiye abu, kuma mutanen gida ba sa iya bambancewa domin duka biyun shiru suke yi. Ni ma haka ake yabona. Ba na ɗaga murya, ba na mayar wa manaja magana, amma daga 25 ga wata barci yake ƙaurace mini, ina kwance ina lissafin wanda zai cire da wanda zai saka, har ranar da aka auna ni aka ce hawan jini, ina da shekara 36. Ka gwada kanka da abin da ya riga ya faru da kai. Lokacin jarrabawar ƙarshe, ko lokacin da alawus ɗin bautar ƙasa ya makara kana da bashi a kanka, kana cin abinci kana barci, ko kuwa shiru kawai kake yi ciki yana tafasa? Idan na farko ne, banki ma za ka iya. Idan na biyu ne, ka zaɓi aikin da lissafinsa ke rufewa kowace yamma, ka san matsayinka kafin ka kwanta.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, ban musa maka ba, Allah ya ƙara lafiya. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma mu da muke zaune a shago ba a kan katifa muke ba. Ni ma na san daren da kayan Sallah suka cika shago, saura kwana shida, ga mai kaya a Kano yana kira. Abin da ya sa na fi karkata ga motar dila shi ne, yaron da ya yi shekara biyar a banki ya fita da sanin bankin, wanda ya yi shekara biyar a mota ya fita da sanin kasuwa, kasuwa kuwa ba ta sallamar mutum da takarda. Sai dai ɗana ya cire girman digiri daga kansa, domin zai ɗauki katan a kafaɗa a gaban waɗanda suka yi aji ɗaya, kuma wata rana yarinyar da yake nema za ta wuce ta gan shi a bayan mota da gumi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Hajiya, wannan ta ƙarshen ta ba ni dariya, amma na ji ta. Na yi wa kaina tambayar da Yaya Tsohon Ma'aikaci ya ce in yi, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba, domin na tuna cewa a makon da zan kare aikin bincikena na ƙarshe kusan ruwa kawai nake sha, alhali kowa yana cewa ban damu ba. Tambayar Baba kuma ina ganin zan iya amsa ta da e, amma inda nake jin tsoron kaina shi ne wurin dattijon da zai nemi bashi a gaban yaransa. Inshora na ajiye ta, tunda ni ake sa ran in fara taimaka wa gida. Hankalina ya fi kwanciya da motar dila. Abu ɗaya ya rage, dilan ya ce in kawo mutum biyu da za su tsaya mini, ɗaya ma'aikacin gwamnati, ɗaya mai gida nasa na kansa. Kawuna ya yarda tun kafin ya ga takardar, ni kuma wannan saurin yardar ne yake damuna.

Mai Raba Kaya:
Ya kamata ya dame ka. Ka karɓo takardar ka kai wa kawun naka ya karanta a natse, in da hali wani lauya ya duba, ku ga ko an rubuta iyakar kuɗin da zai ɗauka idan an samu giɓi, domin wasu takardun ba su da iyaka. Ka nemi a rubuta maka kashi nawa ne kamasho da ranar da ake biyansa, da sunayen masu shagunan da maigida ya yarda a ba su bashi da adadin kowanne, da kuma wanda ke ɗaukar kayan da suka lalace a hanya. Tsohon bashin da wanda ka gada ya bari kada ka yarda a juye shi a kanka, a rubuta shi daban da kwanan wata. Kafin ka ba shi amsa kuma, ka zo ka bi ni wuni ɗaya ka gani da idonka. Ranar Litinin Daura za mu, ta Mashi, kuma akwai wani dattijo a hanya da nake bi dubu 85 tun kafin Babbar Sallah, kai zan tura ka gaishe shi ka tambaya. Na aiko maka da kwatancen sito ta saƙo. Mota tana tashi ƙarfe bakwai, ka zo da biro da littafi, kuma kada ka sa fararen kaya.